Bankwanan da Na Yi a Gidan Biki

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin bikin ƙanen mijina ba, ko da kuwa mutanen Maradun sun manta (ba su manta ba, ana kawo mini labari).

Ni malama ce a wata Islamiyyar matan aure a Talata Mafara. A makon bikin muna kan darasin mutuwa da kwanciyar kabari, kuma ni ba na koyar da shi da sanyin murya. Nakan miƙe tsaye in ce musu laifin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa yana iya yafewa, amma haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe da bakinsa. Mata su yi ta share hawaye da gefen hijabi, ni kuwa in koma gida ina jin kaina kamar wadda ta riga ta haye siraɗi tana jiran saura.

Ranar bikin muka cika motar haya da hantsi, mu mata zalla. Ni dama mota ba ta ƙaunata, ga zafi, ga turare kala-kala, kuma na fito ban karya ba. Muka isa Maradun gab da azahar. Dangin mijina mahauta ne, don haka tun daga ƙofar gida ƙamshin suya ya tarbe mu. Na durƙusa na gaida Inna, uwar mijina, na gaida Yaya Rabi, babbar yayarsa. Ban gama amsa "ya hanya" ba na ji cikina ya juya. Na ruga wajen makwararar ruwa, amai ya zo.

Da na buɗe ido na duba ƙasa, sai na ga ja. Ja wur, yana bin makwarara.

A nan sai in faɗa muku abin da ya sa hankalina ya bar jikina. Mahaifina aman jini ya yi kwana uku kafin ya rasu, kuma ni ce mai riƙe masa kwano. Na san kalar nan, ko in ce na ɗauka na santa. Na zube a wurin.

Duk abin da nake faɗa wa mata a aji sai ya dawo mini, amma wannan karon ni ce a ciki. Na ga likkafani. Na ga ramin da ƙuncinsa, na ji ana jera itace a kaina, na ji takun mutane suna komawa gida su ci abinci. Na ce bari in gwada amsa tambayoyin kabari tun yanzu. Wallahi da na buɗe baki, addu'ar cin abinci ce ta fito.

Mata suka ɗauke ni zuwa tabarma a ƙarƙashin rumfa. Masu kiɗan ƙwarya suka tsaya. Wata tana yi mini fifita, wata tana cewa a nemo mota a kai ni asibiti.

Na ce, "Ku bar motar. Lokaci ya ƙure. Ina Yaya Rabi?"

Ta matso, idonta cike da hawaye. Na kama hannunta.

"Yaya, ki yafe mini. Leshinki da kika ba ni aro lokacin suna, ba ɓera ya ci shi ba. Ni na ƙona shi da dutsen guga."

Ta ce, "Haba Malama, bar wanga zance, na yahe."

"Ban gama ba. Kuma ni na ce wa matar ƙanenki Sani miyarki kamar ruwan wanke kwano take."

Na ji hannunta ya ɗan saki nawa, amma ta ce ta yafe. (Mai mutuwa ba ya lura da irin wannan. Daga baya na tuna.)

Na waiga na nemi Inna. Tsohuwar nan tana zaune a gefen kaina tana tofa mini addu'a. Ganinta haka ya ƙara karya mini zuciya, na ce ba zan shiga ƙasa da haƙƙinta a wuyana ba. Na ɗaga murya don kada ta ce ba ta ji ba, ashe har 'yan kawo amarya da ke ɗakin can ƙurya sun ji.

"Inna, ki yafe mini. Duk ranar da kika zo Mafara na ce kaina ke ciwo, lafiyata lau, hirar ce ba na so. Kuma sunan nan da ake kiranki da shi a ɓoye, ni na sa miki."

Ta ce, "Wane suna, ɗiyata?"

Da ina da sauran hankali da na yi shiru. Amma ina ganin kabari a gabana.

"Gidan Rediyo."

Matan 'yan'uwan mijina guda uku, waɗanda muke kiran sunan tare, suka sunkuyar da kai lokaci guda. Ni kuwa na ji nauyi ya sauka daga ƙirjina. Na yi kalmar shahada, na juya na fuskanci gabas, na rufe ido, na jira.

Na yi ta jira.

Cikin jiran na ji ƙarar sanda tana matsowa. Gwaggo Tumba ce, yayar Inna da ta zo daga Bakura, wadda ta shafe shekaru tana wankan gawar mata a garinsu. Ta buɗe mini ido da yatsa, ta taɓa tafin ƙafata. Ta tafi wajen makwarara, ta daɗe a duƙe tana tonawa da bakin sandarta, sannan ta dawo ta tsaya a kaina.

"Malama, mi kinka sha da sahe?"

Na ce ban sha komai ba.

Wata da muka zauna kujera ɗaya a mota ta ce a hankali, "Ta sha zoɓo a tasha. Ƙulli biyu, mai ƙanƙara."

Ban taɓa jin magana ta dake ni kamar wannan ba. Na tuna mai zoɓon, na tuna yadda na huda ledar da haƙori. A lokacin, Allah na tuba, na so a ce jinin ne.

Gwaggo Tumba ta ce, "Na zauna kan masu mutuwa da yawa. Ban taɓa ganin wadda ta tahi da irin wanga ƙarhin murya ba. Tashi ki kurkure baki."

Ba wanda ya yi dariya nan take, kuma shirun ya fi dariyar ciwo. Sai ga mijina ya faɗo gidan ba hula, takalmi ƙafa ɗaya, don an je wurin walimar maza an ce masa matarsa tana gargara. Ya same ni zaune daram da buta a hannu. A nan ne wata ta fashe, gida ya ɗauka, har amarya aka ce ta leƙo ta taga.

Duk da haka ya kai ni asibiti. Aka duba ni, aka ce zafi ne da jijjigar mota da rashin karyawa. Muka dawo gidan biki, don ba ni da hujjar gudu. Na je na durƙusa gaban Inna, na kasa ɗaga kai.

Ta ce, "Wadda za ta mutu na yahe wa. Ke mai rai kau, za mu yi magana."

Kuma mun yi. Bayan sati ɗaya ta zo Mafara ta kwana uku a gidana. Ta ba ni labarin aurenta, da na haihuwar 'ya'yanta tara ɗaya bayan ɗaya, da na kowace saniya da marigayi mijinta ya taɓa saye. Duk sanda na motsa sai ta ce, "Kanki na ciwo?" In ce a'a, Inna. Ranar da za ta tafi ta dafa kafaɗata ta ce ta yafe har zuciya, kuma na ga alamar da gaske take. Yaya Rabi dai har yau in na ci abinci a gidanta sai ta tsaya a kaina ta tambaye ni yadda miyar take.

Abin da na koya shi ne, neman gafara ba a ajiye shi sai ranar tafiya. A yi shi da lafiya, a cikin ɗaki, mutum ɗaya bayan ɗaya, da ƙaramar murya. In kuwa har kin ga alamar ajali ya zo a tsakiyar taro, 'yar'uwa, kafin ki buɗe baki ki fara tambayar kanki abin da kika sha da safe.