Jiminar da Ta Haɗiye Butar Kaka

"Lafiya ƙalau na kwana, sai dai ashe da ɓarawo a cikin zuri'ata," in ji Kaka, tana tsaye a ƙofar shagon waldar jikanta, ko kujera ba ta nema ba.

Shagon ɗinkina jikin nasa yake, don haka babu abin da ya wuce ni. Ya daɗe yana harhaɗa wata jimina da tarkacen ƙarfe, har ta fi mutum tsawo, kuma ran nan da la'asar motar masu baje kolin kayan fasaha za ta zo ɗaukarta. Ya sha wuya a kanta, kunnuwana ma sun sha.

"Amarya, da sassafe haka? Kewata ce ta hana ki barci?"

"Kewar butar shayina dai. Ga ta can ka liƙa wa dodo a ƙirji."

"Jimina ce, tsohuwa. Aikin hannu ake ce masa."

"Aikin dogon hannu dai."

Ta shiga zagaya tsuntsuwar tana ƙwanƙwasa ta da yatsa.

"Wannan ba rariyata ba ce? Wannan kuma ƙafar keken ɗinkina. Au, cokulana ne ka jera mata a fiffike, ni ina can ina tsine wa ɓeraye?"

"Ɓerayen sun ce in gaishe ki, sun yafe."

"Sauran na bar ka da Allah. Ɗauko injinka ka yanko min butata yanzu."

"A kanta wuyan ya tsaya. Ina cire ta, kan zai faɗo."

"Ya faɗo mana. Naka kan da ke tsaye, me ya tsinana?"

"Butar da ta huje tun babana na rarrafe? A zuba ruwa ta sama, ya gaishe ki ta ƙasa."

"Hujin ma nawa ne, ka haɗo min da shi."

"Mutane fa za su zo daga nesa su tsaya gabanta suna gyaɗa kai."

"Ni da na tsufa ina tsaye a gidanku, wa ya taɓa gyaɗa min kai?"

"Ai na kai sunanki. Sun ce ba sa karɓar kayan tarihi masu faɗa."

Kaka ba ta yi dariya ba. Ta ce butar marigayi ce, kakansa, a ciki ta dafa masa shayi har ya koma ga Allah. Sai jikan ya jona injin yankan ƙarfe, ya durƙusa gaban jiminar. Gaskiya tausayinsa ya kama ni, har na dakatar da kekena.

Kaka ta ja da baya zuwa bakin titi don gudun tartsatsi. Daga can ne ta ga abin gaba ɗaya, ba cokali-cokali ba.

"Dakata. Wa ya ce ka karkatar mata da kai haka?"

"Haka ƙarfen ya so."

"Ƙarya kake, ja'iri. Tsayuwar kakanka ce sak, idan ya dawo a makare yana shirya ƙaryar da zai yi min. Ga tumbi gaba, ga ƙafafu kamar tsinke, ga ido ɗaya yana neman hanyar gudu."

Ta yi dariya har sai da ta share ido da gefen mayafi. Ta sake leƙa bayan tsuntsuwar, ta ɓata rai.

"Amma ka bar shi tsirara ta baya. Ina jela?"

"Ƙarfe ya ƙare. Gidanki ne ba albarka."

Ta zaro lemar da ke hammatarta, ta buɗe, ta miƙa masa.

"Ungo, liƙa masa. Kada a ce na bar mijina ya shiga mutane babu sutura."

"To ni fa, mijinki na yanzu, me zan samu?"

"Kai ai ba a gama ƙera ka ba."