Gaisuwar da Ta Kayar da Ni a Filin Langa

Har in koma ga Mahaliccina ba zan taɓa mantawa da wasan langar da muka je Maigatari ba. Shekarata uku ke nan ina horar da 'yan langa na kwalejinmu da ke Gumel, kuma duk tsawon shekarun nan ina cika wa ɗalibai kunne da tarihina. Na ce musu a zamanina, a Sule Tankarkar, ba a taɓa kai ni ƙasa ba. (Gaskiyar magana, kaka ɗaya na yi ina wasan, kuma ƙasar filin nan ta san bayana fiye da tabarmar ɗakinmu.)

Wasan ƙarshe ne, wanda ya ci shi ke ɗaukar kofi. Ana shirin zagayen ƙarshe sai Habu, babban ɗan wasana, ya gurɗe a ƙafa. Ba mu da wanda zai maye gurbinsa. Gasar ta sada zumunta ce, don haka mutanen Maigatari suka ce ko koci ne ya shigo, ba su damu ba. Ɗalibaina suka ɗauki tafi, har da masu cewa yau za su ga abin da suka daɗe suna ji.

Na dubi alƙalin wasa ko zai cece ni, sai na ga Sabo ne, wanda muka tashi unguwa ɗaya, wanda ya kayar da ni ya fi a ƙirga. Murmushi kawai ya yi ya ce bismilla.

Dokar langa ba ta da wuya: ka riƙe ƙafa ɗaya ta baya, ka yi ta tsalle da ɗayar, in ka faɗi ko ka saki ƙafar ka fita. Na tuɓe babbar riga, na kama ƙafar hagu da hannun dama. Aka busa usur. Na yi tsalle uku, kuma wallahi har na fara jin kamar ƙaryar tawa za ta zama gaskiya.

Sai ga wani dogon saurayi daga 'yan Maigatari ya yo tsalle gabana. Maimakon ya bangaje ni, sai ya rusuna cikin ladabi ya miƙo hannu.

"Salamu alaikum, Malam. An zo lafiya?"

To ni ɗan gidan malamai ne, tun ina ƙarami aka hana ni gaisawa da hagu. Kafin kaina ya yi aiki, na saki ƙafar, na ba shi hannun dama, har ina tambayarsa mutanen gida.

Usur ya tashi. Dariya ta ɓarke a filin har da masu sayar da rake. Kofi ya tafi, ni kuwa ina tsaye da ƙafafuna biyu, hannuna cikin na yaron, kunya kamar ta kashe ni.

Sabo ya zo ya dafa kafaɗata. "Ka samu ci gaba, Koci," in ji shi. "Yau dai ba ka faɗi ba."

A hanyar komawa muka biya muka sauke Habu a gida. Washegari na tara ɗaliban na faɗa musu ainihin tarihina. Ba su kore ni ba, amma har yau in za su gaishe ni sai sun ɗaga ƙafa ɗaya tukuna.

Yanzu darasin farko da nake koya wa sababbin 'yan wasa shi ne, a amsa sallama da baki, a bar hannu inda yake.