Mutumin Cikin Bokiti

"Lafiya lau na tashi, angona. Amma me ya sa ka garƙame ƙofar gida da rana tsaka?"

Kaka ya zuba wa jikarsa ido. Yana zaune a kujerar roba, makulli a aljihu, sandar goge ƙasa a cinya, kuma tsoro ne fal cikinsa. Ɗazu da zai wuce ta ɗakin ajiya ya ji wani ƙato a ciki yana cewa ta durƙusa, kada ta kuskura ta ɗaga kai, ita kuma tana kuka tana roƙo. Gwiwarsa ba ta ɓalle ƙofa ba ce, sai ya tare hanyar fita. Ya riga ya yanke cewa saurayinta ne, mai kemis ɗin nan, kuma yau maganar aurensu ta mutu.

"Fito da shi, amarya. Ni da nake mijinki tun kina tsumma ban taɓa sa ki durƙuso ba."

"Kai da in ka durƙusa sai na ɗaga ka daga baya? Wa zan fito da shi?"

Sai ga bugun ƙofa daga waje, da sallamar mai kemis. Kaka ya dubi ƙofar gida, ya dubi ɗakin ajiya, kansa ya ɗaure tamau. Ashe su biyu ne?

Dariya ta kusa kayar da yarinyar. Ta shiga ɗakin ta fito da bokitin fenti, ta zura kai ciki ta ce, "Durƙusa!" Wallahi muryar ƙaton ce sak. Ta yi masa bayani cewa aikinta ke nan, karanta littattafan soyayya a waya mutane su saurara. Ɗakin ajiya ya fi shiru, muryar namiji kuma sai da bokiti. Labarin na wani attajiri ne mai son a bi umarninsa, da budurwar da take son a ba ta umarni.

"Soyayya? To ina soyayyar take? Ni kuka na ji."

"Tsufa ne ya toshe maka kunne. Ita ta yarda tun a babin farko, wasa ne tsakaninsu."

"Kamar namu?"

"Kusan haka."

Kaka ya juya maganar a ransa. Shi dai ya san yana kiranta mummuna, tana kiransa tsohon buhu, amma ranar da ya tsokane ta da faɗuwa jarrabawa ta ce ya bari, bai sake ba har yau. Ya tambaya ko ta cikin labarin ta taɓa cewa a bari. Ta ce ta faɗa, ɗazu ma shi take karantawa.

"Ya bari?"

"Ai... ka san yana sonta sosai."

"Ke, ban tambaye ki zuciyarsa ba. Ya bari?"

Ta dubi cikin bokitin kamar amsar tana can. Bai bari ba. Ya ma ƙwace wayar budurwar, ya kulle ta a ɗaki. Ita kanta jikar da ta zo wurin a karatu sai da muryarta ta yi rawa, ta ɗauka ƙwarewa ce.

"Kai ma ai ka kulle ni," ta ce a hankali.

Wannan ta shige shi. Ya taɓa makullin a aljihu, kunya ta kama shi, ga mai kemis yana ta bugu a waje. Amma bai miƙa ba tukuna, don abin da ke cinsa bai kwanta ba.

"Ce wa mai bugun nan ya bari. Kada ki ba shi dalili."

"Ka bar bugun nan!" ta ɗaga murya.

Bugun ya tsaya cak. Can sai muryar mai kemis ta ce to, yana nan a tsaye, in ta shirya ta kira shi.

Kaka ya saki dariya har da tari, ya ciro makullin ya danƙa mata.

"Ungo, na sake ki, je ki buɗe wa wancan. Na cikin bokitin kuwa ki bar mini shi, ina da wanki."