Ranar da Na Hana Magani a Barmu

Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, ina tafinta a ofishin kwamanda a Tawa, aka aike ni kasuwar Barmu da takarda. Gwamnati ta hana sha da sayar da wani abu, wanda aka kama sai kaso. Tabar wiwi ake nufi, amma kalmar Faransancin ban san ta sosai ba. Ban tambaya ba, don a ganina mai takalmi sau-ciki ya wuce tambaya. Na tsaya tsakiyar kasuwa, na gyara murya, na ce gwamnati ta hana magani.

Wani tsoho ya ce, "Malam, har na tari?"

Na ce, "Baba, doka ba ta ware tari ba."

Kafin la'asar masu saiwoyi sun naɗe tabarminsu. Na koma Tawa ina jin na yi wa ƙasa aiki.

Bayan kwana shida likitan da ke zagaya ƙauyuka ya shigo ofis ko sallama babu. Ya ce ba wanda ya zo karɓar kinin, har wata mata ta ɓoye ɗiyarta mai zazzaɓi cikin rumbu don kada a kama su. Yarinyar ta warke, amma na yi kwanaki abinci bai yi mini daɗi ba. Aka mai da ni Barmu na warware maganata da bakina.

Yau na tsufa. In matata ta miƙo mini ƙwayar hawan jini, sai ta rage murya ta ce, "Alhaji, haɗiye maza, kada tafinta shi gani."