Gudun Rage Tumbi Cikin Kaftani

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Talata ba, a shekarar da na ɗaura ɗamarar rabuwa da tumbina. Ni ma'aikacin gwamnati ne, aikina zama, ga shi kuma Allah Ya haɗa ni da matar da ta iya miya. Kafin in ankara, idan zan sunkuya in sa takalmi sai na riƙe numfashi. Ban ɗauki abin da zafi ba, tunda a wajenmu tumbi alamar hutu ne, abokan aiki ma har cewa suke, "Oga, ana shanawa." Likita ne ya ɓata mini lissafi. Ya gwada jinina, ya ce ya fara hawa, sai in rage tuwon dare da lemon kwalba da soye-soye, in kuma riƙa motsa jiki har in yi gumi.

Maganar abinci ba ta ba ni wahala ba, domin ƙwace ta aka yi daga hannuna. Maman Ummi, wato maiɗakina, ta mayar da ni kan kwaɗon zogale da faten acca, malmalar tuwona ta koma kamar ta ɗan yaye. (Na yi ta kallon kwanon yara da idon tausayi, babu wanda ya kula ni.)

Motsa jikin ne ya zame mini ƙarfen ƙafa. Ta sayo mini riga da wando irin na 'yan ƙwallo, da kambas. Na saka a ɗaki, na dubi madubi, na ga wani ƙaton mutum da ƙwauri a waje. Ni da nake zaune a Unguwar Dosa, ana ce mini Alhaji, ana matsa mini a sahun gaba! Babban abin ma, gidan surukina yana bakin hanyar da ta nufi Malali, kuma tsohon kullum da safe yana ƙofar gida da rediyonsa. Duk shekarun da na yi da 'yarsa, ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba.

Maman Ummi ta ce, "Abban Ummi, kowa fa haka yake sawa."

Na ce, "To ni ba kowa ba ne."

Sai na ƙirƙiro dabara. Zan riƙa fita da kaftani da hula kamar mai zuwa gaisuwa. Idan na samu layin da babu kowa in ɗan taɓa gudu, idan na hango mutum in koma tafiyar dattawa. Da farko abin ya tafi daidai, har ina yaba wa kaina wayo.

Ranar Talatar na makara, ban fita ba sai da aka fara kai yara makaranta. Na samu wani lungu shiru, na saki ƙafa. Jikina kuwa ya fara sabawa, daɗin hakan ya ɗebe ni, ban farga ba sai ga ni na ɓullo babban layi a guje, daidai teburin Ɗanlami mai shayi, benci cike da mutane. Idan na ci birki a nan, za su gane abin da nake yi. Sai na ɗaure fuska tamau, na wuce su kamar wanda aka yi wa kiran gaggawa.

Abin da na manta shi ne, a Kaduna ba a tambayar babba dalilin gudunsa. Garin ya ga abubuwa, ya kuma koya wa mutanensa cewa idan ka ga magidanci da kaftani da hula ya zura da gudu, ka bi shi tukuna, tambaya sai an tsira. Da kayan 'yan ƙwallon ne a jikina, da ko ɗaga kai ba wanda zai yi.

Na ji benci ya faɗi a bayana. Na ji ana rufe ƙofar shago da ƙarfi, wata mata tana ƙwala wa yaranta kira su dawo. Da na waiga, sai na ga jama'a sun taso a guje, wani mai keke napep yana juya kan kekensa. Na ce a raina, lalle an fara wani abu a unguwa. (Ee, ni ɗin nan. Ko kusa ban kawo cewa ni ne abin da aka fara ba.) Na ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Ina ƙara mai, suna ƙarawa. Hulata ta faɗi, ban ko dube ta ba.

Gidan da na sani mafi kusa shi ne na surukina. Tsohon ya riga ya hango ayarin, ya naɗe tabarmarsa, ya tsaya bakin zaure yana yafito mutane. Na wuce ta gabansa fuu, babu sallama balle durƙuso. Aka duru a bayana, ya danna sakata.

Zaure ya cika da haki. Da aka ɗan nutsa, sai Baba, wato surukina, ya ce, "To, me ya faru? Daga ina abin ya taso?"

Wannan ya dubi wancan. Wani ya ce shi dai ya ga ana gudu. Wata mai ƙosai, matsaminta na hannunta, ta ce masu shan shayi ta ga sun watse. Aka juya kan Ɗanlami.

Ya ce, "Wallahi Baba ni ban ga komai ba. Alhaji na gani ya wuce a guje, na ce mutum irin Alhaji ba zai yi gudu a banza ba."

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Ina tsugune a kusurwa, kai babu hula, kaftani ya jiƙe sharkaf, duk idanu sun dawo kaina.

Baba ya ce, "Alhaji, kai me ka gani?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, likita ne ya ce."

"Likita ya ce ana rikici?"

"A'a. Cewa ya yi in rage tumbi."

Kunya irin ta ranar ban taɓa jin ta ba, har na gwammace a ce da gaske wani abin ne ya koro mu. Can mai ƙosai ta ce, "Amma Alhaji ka cuce ni, mai na baro a kan wuta." Nan fa dariya ta ɓarke, har da masu riƙe ciki.

Baba bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Ya zare sakata, ya sallami jama'a, ya sa aka kawo mini ruwa, ya tsaya a kaina sai da na sha. Sannan ya ce, "Lafiya uwar jiki, ba laifi ka yi ba. Amma daga gobe ka biyo ta nan mu taka tare, a hankali. Ba kai kaɗai ne mai hawan jini a unguwar nan ba."

Kafin in isa gida labari ya riga ni, domin surukata ta bugo wa 'yarta waya. Na tarar da Maman Ummi ta kifa kai a kujera, kafaɗunta sai rawa suke. Na wuce ɗaki abina.

Haka na koma tafiyar safe da surukina, mutumin da na tayar da unguwa guda don kada ya gan ni. Tumbin kuwa ya sauka sannu a hankali, jinin ma ya kwanta. Sai dai har yau, idan Ɗanlami ya hango na ɗan ɗaga ƙafa, yakan juya ga masu shan shayi ya ce, "Jama'a, kowa ya zauna, Alhaji ne."

Ni dai na ɗauki darasina. Idan abin da za ka yi ba laifi ba ne, yi shi a fili kowa ya gane me kake yi. Idan ka tsaya ɓoye-ɓoye, za ka yi bayaninsa da bakinka, kana haki, a zauren surukinka.