Rasuwar Firizar Umma, da Waɗanda Suka Riga Mu Sani

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda haushi ya cinye rabinsa, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa ajiye leda a gidanmu, rasuwar firizar Umma, babbar nan fara da ke lungun tsakanin kicin da ɗakinta. Ta cika a tsaye, a inda kuka saba samun ta, 'yar koriyar fitilarta tana ci. Fitilar ce ta yaudare ni. Kullum idan zan fita aiki nakan kalle ta ta gefen ido, in ga kore, in wuce da kwanciyar hankali.

Marigayiyar ta shigo gidan nan ne a shekarar da Abba ya rasu, ina 'yar firamare. Sai da aka cire ƙyauren ƙofa kafin ta shiga. Tun daga ranar ba ta huta ba, ba ta kuma bar Umma ta huta ba. Da yamma a ɗaura ruwa a leda a jera mata, da safe a ɓamɓaro ƙanƙara a loda wa masu sayar da ruwan sanyi a kula. A cikinta aka yi karatun Yaya har ya zama manajan da kuke miƙe wa tsaye a yau. A cikinta aka yi nawa karatun jami'ar. Wanda yake shakka ya dubi tafin hannun Umma, tsagewar sanyi na nan ba ta ɓace ba.

Ba ta da yawan magana. Idan an kawo wuta, sai ta ce "ƙit", ta girgiza jiki kamar tsohuwar da aka tasa daga gyangyaɗi, sannan ta ja "hmmmm" ɗinta mai tsawo. Idan an ɗauke, ta ce "tsuk", ta yi shiru, ta riƙe sanyinta a ciki ba tare da ta kai ƙara wurin kowa ba. Murfinta kuwa "fuf" yake cewa in an buɗe. Akwai wurin rataya kwaɗo a jikinta, amma ba a taɓa rataya shi ba. Ta karɓi naman suna da na biki, da kifin wanda ya yi sayayya fiye da firjinsa, da kajin wadda ba ta son mijinta ya san ta saya. Ba ta taɓa tambayar kowa yaushe zai zo ya ɗauka ba.

Ta rasu ta bar masu cin moriyarta da dama. Akwai Yaya, wanda Umma ke kira Manaja, mai manyan ledoji baƙaƙe. Akwai matarsa, Anti, wadda ke rubuta sunanta a jikin kowace roba don kada mu yi kuskuren ci. Akwai Gwaggo, ƙanwar Abba, mai ɗaure nata da jan ƙyalle. Akwai Kawu, wanda bai taɓa shigowa da komai a hannu ba sai abin ajiya. Akwai maƙwabciyarmu mai kitso, wadda ta fi mu sanin wane lungu na ciki ya fi sanyi. Ta kuma bar Umma da ni, da wari.

Game da jinyarta ta ƙarshe, ga abin da mai gyara ya ce bayan ya leƙa bayanta: gas ne ya tsiyaye a hankali, injin ya yi ta aiki a banza har ya ƙone. Ya ce da an kira shi tun sanyi ya fara raguwa, da aikin yini guda ne. Ya tambaye ni, "Hajiya, duk gidan nan ba wanda ya buɗe ta ya ji ɗumi?"

An buɗe, malam. An kuma ji.

Ni ban buɗe ba, domin tun da Umma ta kwanta rashin lafiya muka daina ƙanƙara, abin da muke da shi kuma yana can ƙasa, an danne shi da kayan mutane. Amma na ga ɗigon ruwa daga lungu har bakin ƙofa a ranar da Yaya ya zo. Na ga jakar Gwaggo ta jiƙe a ƙasa lokacin da take sallama. Na ga mai kitso ta fita da roba a ƙarƙashin mayafi, tana tafiya a karkace. Ban haɗa lissafin ba sai da wari ya haɗa mini. Da na ɗaga murfin, babu baƙar leda, babu jan ƙyalle, babu robar da aka rubuta wa suna. Namu kaɗai ne kwance a ƙasa cikin ruwa mai yauƙi. Kowa ya zo, ya taɓa, ya ji, ya zare nasa, ya mayar da murfi a hankali, sannan ya leƙa ɗakin Umma ya ce, "Ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi."

Muna godiya ga waɗanda suka zo ta'aziyya, kuma mun adana kalamansu.

Anti ta ce, "Wallahi ni na ɗauka kun sani."

Gwaggo ta ce, "To ni da wanne zan ji? Mace na kwance ba lafiya, in je in tayar mata da hankali a kan firiza?"

Kawu ya toshe hanci da hularsa. "Dama ai ta tsufa, ba abin da take yi sai shan wuta. A fitar da ita, a samu fili."

Mai kitso ce kaɗai ta yi hawaye. "Allah sarki," ta ce. "To yanzu mu ina za mu riƙa ajiya?"

Abin da masu ta'aziyyar suka manta shi ne ƙofar Umma a buɗe take, kuma ciwon bai taɓa kunnenta ba. Tana kwance ta ji kowane "fuf". Ta san na wa ya fara, ta san na wa ya biyo.

Tunda sanarwa ce ta gaskiya, bari in faɗi sauran. Kwanakin baya Yaya ya kai Umma babban asibiti aka ɗauki hoton cikinta. Da lokacin ganin likita ya yi, sai ya aike ni karɓo magani, ya bar Umma a benci, ya shiga shi kaɗai. Ya fito yana murmushin da yake yi wa masu neman bashi a ofis, ya ce gajiya ce da gyambon ciki. Ni da nake yi mata wanka, nake ganin yadda zobe ke zamewa daga yatsanta, ba a faɗa mini komai ba, wai auta ce, ba ni da ƙarfin zuciya. Amma daga makon nan gidanmu ya cika da baƙi. Gwaggo ta tuna da babbar tukunyarta da ta bari a nan tun ina yarinya. Kawu ya aiko a kwashe kujerun robarsa. Anti ta tsaya a falo tana tambayata faɗin taga. Kuma duk wanda ya zauna a bakin gadon sai ya kama hannun Umma ya ce, "Ai kin yi ƙoƙari, kin yi haƙuri da mutane." Ba a yi wa mai gyambon ciki irin wannan yabo.

Ranar da na kwashe ruɓaɓɓen naman, Umma ta sa na kawo mata kujera lungun. Ta zauna tana ba ni umarni.

"Auta, sa omo da ruwan zafi. Ki goge har ƙarƙashin robar murfin. Ba za ta fita gidan nan da wari ba, ba ita ta jawo shi ba."

Ina gogewa, tana kallon hannuna. Can ta ce, "Kin ga yadda suka yi mata? Haka suke yi mini. Sun taɓa, sun ji, kowa na zare nasa."

Na ce, "Umma, ki daina."

"Ke ki daina. Ni mutuwa ba ta ba ni tsoro, ba gidan da ba ta san hanyarsa ba. Abin da ba na so shi ne in zama ta ƙarshe da za ta ji labarin tata mutuwar. Ina da abin da zan ba wa mutane da hannuna, ina da wanda zan nemi gafararsa, ina da wanda zan wanke tas kafin in tafi. Idan suka yi mini shiru, sun sace mini wannan." Ta huta, ta ƙara da cewa, "Kuma ranar da ta zo, duk wanda ya ce mai haƙuri ce, ki ce ƙarya yake. Ban yi haƙuri ba, aiki na yi. A ce mafaɗaciya ce, ta sayar da ƙanƙara, ta yi wa 'ya'yanta karatu. Ya ishe ni."

Ni ba mai magana ba ce a cikin taro, duk kun sani. Shi ya sa na rubuta.

Ga tsarin jana'iza. An riga an yi wa marigayiyar wanka, an shanya ta, murfi a buɗe. Za a fitar da ita ranar Asabar da hantsi, lokacin da mai sayen tsohon ƙarfe zai zo da kurarsa. Za a sake cire ƙyauren ƙofa. Ba za a yi zaman makoki ba, domin kujerun suna wurin Kawu. Ba za a raba ruwan sanyi ba, saboda dalilin da kuka riga mu sani. Ba a buƙatar yabo. Umma ta ce ba za a ɗauko 'yan dako ba: kusurwa huɗu gare ta, kuma waɗanda suka iya ɗaukar kayansu daga cikinta za su iya ɗaukar ta. Gwaggo da Anti a baya, Kawu da Yaya a gaba. Mai kitso ta riƙe waya kada ta ja ƙasa.

Kafin in tura wannan sanarwa zauren iyali na waya, Umma ta ce a kira Yaya ya fara ji, tunda shi zai jagoranci ɗaukar. Ya zo daga ofis, ya zauna a kujerar bakin gado, makullin mota a cinyarsa. Na karanta. Bai katse ni ba ko sau ɗaya.

Da na kai nan, Umma ta sa na zuba ruwa a kofi, ta karɓa, ta ajiye a kan teburin da ke tsakaninsu.

"Manaja," ta ce, "na san bakinka ba zai iya ba, ba kuma zan tilasta maka ba. Abu ɗaya nake tambaya. Idan gajiya ce da gaske, idan ina da sauran lokaci, zauna ka sha ruwan nan, ko da yake ba sanyi. Idan kuma ya kamata in fara raba kayana tun yanzu, ba sai ka ce komai ba. Tashi ka koma aikinka."

Yaya ya daɗe yana kallon kofin. Ya miƙa hannu har yatsunsa suka taɓa shi. Sannan ya janye, ya gyara mata bargo a ƙafa, ya miƙe, ya fita, ya ja ƙofar a hankali.