Ranar da Na Sa Dattawa Tura Motar da Ke Kunne

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da mutanen Bakura za su yi mini alfarmar mantawa (kuma na san ba za su yi ba), da ranar da na fara riƙe sitiyarin mota mai aiki da lantarki.

Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare a Talata Mafara. Abin hawana wani tsohon babur ne da sai an lallashe shi yake tashi. Amma a zuci, ai na daɗe da wuce nan. Tun da na fara kallon bidiyon motocin lantarki a waya, shi ke nan na kamu. Ina kan babur hayaƙi na bina a baya, ni kuwa a raina ina cikin wata farar mota, ina sulalawa tsakanin gonakin shinkafa da yamma lis, ba ƙara, ba layin gidan mai, ko balbela ba ta tashi don na wuce. Hauwa'u na zaune a gefena. (Ita ce yarinyar da nake nema a lokacin, 'yar Bakura, kuma ita kaɗai ke iya sauraron wannan zance har ƙarshensa.)

'Yan majalisarmu kam sun gaji da ni. Su ce to Malam, a ina za ka yi mata caji a garin da wuta ke zuwa kamar baƙuwa? Albashin shekara nawa za ka tara? In ta lalace, wane makanike zai yarda ya taɓa ta? Ni kuma in gyara zama in zuba bayanin batir da hasken rana, sai ka rantse ni na ƙera ta. Alhali ko a hanya ban taɓa cin karo da ita ba.

Damuwata ɗaya ce, Baffa Sani, ƙanen mahaifin Hauwa'u, wanda aurenta ke hannunsa tun rasuwar mahaifin nata. Manomi ne, ba ya son yawan magana. Labari ya iske ni wai ya ce yaron yana da ladabi, sai dai ƙafarsa ba ta taka ƙasa. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya bar ni ina lilo. Ni kuwa ina son yarinyar nan, so ba na wasa ba.

Ana cikin haka aka sa ɗaurin auren abokina Bashir a Bakura. Yayansa, Alhaji Nasiru, ɗan kasuwa ne a Sakkwato, sai ga shi ya iso da mota mai aiki da lantarki. Fara ce tas, irin ta mafarkina. Ya ce a gidansa ya cika ta da sola kafin ya taho, kuma sai ya koma can za ta sake shan wuta, don duk hanyar ba inda zai jona ta. Bayan an shafa fatiha jama'a suka yanyame ta, masu leƙe na leƙe, masu shafawa na shafawa. Ni kuma na samu aji kyauta. Na ɗaga murya ina bayani, ina satar kallon Baffa Sani da ke tsaye can gefe da sandarsa.

Sai aka kira Alhaji Nasiru cikin gida. Ya miƙo mini makullin, wani ɗan abu kamar kwalin ashana, ya ce tunda ni ne masaninta in matsar masa da ita inuwar dogon yaro, rana ta yi zafi.

Na shiga na rufe ƙofa, hayaniyar duniya ta ɗauke ɗif. Ga ƙamshi, ga kujera mai laushi. Na taka birki, na danna maɓalli, allo ya kawo haske. Na kasa kunne ina jiran gurnanin inji. Shiru. Na ƙara jira. Shiru dai. (E, ni ɗin nan da na ishi mutane da cewa ba ta da ƙara. Amma kunnen da babur ya raina ba ya jin karatu.) Zuciyata ta ce ka lalata motar mutane. Ga fuskoki sun cika gilashi, ga Baffa yana kallo. Duk ilimin bidiyo ya gudu ya bar ni. Na sauke gilashi na faɗi abin da kowane direba ke faɗa a ƙasar nan:

"Jama'a, a taimaka a ɗan tura."

A wajenmu kuwa ba a ƙin turin mota, lada ce. Nan da nan aka naɗe manyan riguna a kafaɗa. Ladan ya kama, kawun ango ya kama, Baffa Sani da kansa ya jingine sanda ya dafa bayanta. Aka yi bisimilla. Na murɗa giya zuwa gaba, ƙafar hagu tana laluben kuloci, babu kuloci. Ta dama kuwa ta saki birki ta danne totur.

Motar ta zare kamar gashi daga man shanu.

A nan ne babbar kunyar take, kuma zan faɗi gaskiya: ban waiwaya ba. Na wuce dogon yaro, na wuce gidaje, hanya ta buɗe sai gonaki kore shar. Ba ƙara, ba girgiza, sai iska da bugun zuciyata. Wallahi ban taɓa jin daɗi irin wannan ba. Har murmushi nake, har na juya gefe kamar zan yi wa Hauwa'u magana. Sai da idona ya sauka a madubi na hango, can nesa, tarin shadda a ƙasa da huluna warwatse.

Da ƙyar na juyo da ita. Samari sun juya baya kafaɗunsu na rawa. Alhaji Nasiru ya fito ya karɓi makullinsa, ya ce a hankali ai a kunne take tun farko. Baffa Sani na zaune a ƙasa riƙe da wuyan hannunsa. Na durƙusa ina ba da haƙuri. Ya ɗago ya dube ni.

"Hwaɗuwa ba komi ba ce, Malam, ni da ƙasa mun saba," in ji shi. "Amma mun tura ka, ka tashi, ko waiwaye ba ka yi ba. Haka za ka yi ma ɗiyata ran da Allah ya buɗa maka?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Har na koma Mafara maganar nan tana ci na.

Targaɗe ya yi, kuma maɗorin da ya yarda da shi a Maradun yake. Ba wanda ya sa ni, washegari na iso ƙofar gidansa da babur ɗina. Ya kalle ni, ya kalli babur, ya hau. Haka muka yi ta zarya har hannu ya fara saki, shi a baya, ni kuma duk rami sai na juyo in ce Baffa lafiya dai ko? Sannu Baffa. Ran nan muna dawowa na juyo kamar kullum, saura kaɗan mu afka cikin garken tumaki.

"Dubi gabanka, Malam, kada ka sake kayar da ni," ya ce. "Waiwayen ya isa haka nan. Ka turo magabatanka."

Har yau ba ni da motar, kuma ko yau aka ba ni ban san inda zan jona ta ba. Abin da na koya dai shi ne, kafin ka tara dattawa su yi turi, ka tabbatar abin ya mutu. In kuwa sun riga sun tura, to ka taka birki ka ƙirga su.